Quibi: wayar ce ta kashe shi ko masu shi?

Abba Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Manya ku zo ku raba mana gardama. Mu uku ne muke haɗa manhajar gajerun wasannin kwaikwayo, kowane kashi ba zai wuce minti takwas ba. Ni na ce mu tsaya a wayar Android kawai, kwamfuta da talabijin da iPhone su jira. Sai ɗayanmu ya ce ai "waya kawai" ɗin nan ita ta kai Quibi ƙasa. Ga wanda labarin ya wuce shi: kamfanin manhajar kallon gajerun fina-finai a waya ne a Amurka, Jeffrey Katzenberg na kamfanin fim na DreamWorks ya kafa shi, ya ɗauko Meg Whitman wadda ta taɓa riƙe eBay da HP ya ba ta shugabanci. Sun tara dala biliyan 1.75 tun kafin mai kallo ko ɗaya ya biya su kwabo. Suka buɗe ranar 6 ga Afrilun 2020, ranar 21 ga Oktoba suka sanar za su rufe. To wai wayar ce matsalar?

Injiniya Musa:
Wa alaikumus salam. Abba, shi Katzenberg ɗin korona ya ɗora wa laifi. Hujjarsa ita ce sun yi abin ne domin mai jiran jirgin ƙasa da mai tsaye a layi, sai ga kulle ya zaunar da kowa a falo gaban talabijin. Ni wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba. A cikin kullen nan ne TikTok ya cika duniya, shi ma a waya ake kallonsa, a kan kujerar falon dai. Mutane ba su ajiye waya ba don sun dawo gida.

Sadiq Landan:
Amma Injiniya ka yarda cewa hana mutum jefa abin a talabijin ganganci ne. Kana karɓar dala 4.99 a wata da talla, 7.99 babu talla, sannan ka ce wa mutum sai dai ya riƙe waya a hannu alhali ga ƙatuwar talabijin a bango. Sai da suka sha zagi suka ƙara AirPlay da Chromecast, wato hanyoyin jefa hoton waya a talabijin. Manhajar talabijin ta ainihi kuwa sai a Oktoba ta fito, dab da sanarwar rufewa.

Injiniya Musa:
Na yarda ganganci ne. Ban yarda shi ne ajalin ba.

Hauwa Zazzau:
Ku bar maganar talabijin tukuna, akwai abin da ya fi ta. Da aka buɗe Quibi, in ka ɗauki hoton fuskar wayarka kana cikin kallo, baƙi ƙirin zai fito. Ba ka da hanyar yanko daƙiƙa goma ka tura wa ƙawarka ka ce "zo ki ga wannan". Ku duba wayoyinku yanzu, yawancin abin da kuka kalla yau wani ne ya turo muku ko kuka gani a sitatus ɗin wani. Su kuma suka toshe wannan ƙofar da hannunsu, suka je suka sayi talla mai tsada a lokacin wasan Super Bowl don a ji labarinsu. Sun ɗauki waya a matsayin ƙaramar talabijin, alhali abin da ya bambanta ta da talabijin shi ne akwai lambobin mutane a cikinta.

Sannan ku ga inda suka zuba ƙarfin injiniyoyinsu. Wata fasaha ce da suka kira Turnstyle: ka riƙe wayar a tsaye hoton ya cika fuska, ka kwantar da ita ya sake cikawa, ba tare da fim ɗin ya tsaya ba. Abin burgewa ne a wurin baje koli. Amma wa ya taɓa cewa matsalarsa a rayuwa ita ce juya waya? Har ƙara wani kamfani mai suna Eko ya kai su kotu a kanta, wai fasaharsa ce.

Malam Nafi'u Edita:
Hajiya Hauwa kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku masu rubuta manhaja kuna ganin juya waya layi kaɗan ne na aiki. A wurinmu fim biyu ne. Bari in ba ku misali da abin da nake yi kullum. Miji da mata suna zaune a falo, shi a wannan kujera ita a waccan, yana magana tana harararsa. A kwance duk su biyun suna ciki, hararar nan ita ce dariyar fitowar. Ka miƙar da hoton tsaye, dole ɗaya ya fita. In ka bar mijin, harara ta tafi. In ka bar matar, sai a ji murya daga waje kamar rediyo. To sai ka raba fuskar sama da ƙasa, ko ka yi ta yanka kana komawa, kuma duk wannan tun a wurin ɗauka ya kamata darakta ya san da shi, ba a kan tebur ɗina ba. Quibi haka suka sa masu shirya musu suka riƙa kawo tacewa biyu ta kowane kashi. Su suna da kuɗin. Abba, ku zaɓi ɗaya tun yanzu, tsaye ko kwance, ku faɗa wa mai kyamara kafin ya kunna.

Abba Fagge:
Malam Nafi'u mun fi karkata ga tsaye.

Malam Nafi'u Edita:
To ku rage taron jama'a a fitowa ɗaya. Zaman majalisa da biki ba sa kyau a tsaye. Fuska da fuska, mutum biyu, shi ne abincinsa.

Sadiq Landan:
Ni dai inda zan ja da Abba shi ne watsar da iPhone. Ku duba tarihi. Instagram a iPhone kaɗai ya fito a Oktoban 2010, sai Afrilun 2012 ya shiga Android, cikin mako guda Facebook ya saye shi dala biliyan ɗaya. Vine, manhajar gajeren bidiyo, ya fito a iPhone a Janairun 2013, Android sai Yuni. Periscope, ta bidiyon kai tsaye, a Maris ɗin 2015, Android sai Mayu. Duk waɗannan ba wawaye ba ne. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa zai biya kuɗin wata? Mu da muke waje, da 'yan uwa na Saudiyya da Dubai, da masu hali na Abuja. Da yawa a cikinmu iPhone ke hannunmu.

Baban Khadija GSM:
Oga Sadiq, ka daɗe ba ka zo Farm Centre ba. Ka zo ka zauna a shagona daga safe zuwa azahar ka ƙirga da kanka. Tecno, Infinix, itel, sai Redmi da Samsung ƙanana. Mai iPhone yana zuwa, amma sau da yawa tsohuwa ce ta hannu, batirinta ya gaji.

Kuma bari in gaya muku yadda wayar mai kallonku take, don ni nake buɗe ta. Gilashi a fashe ta gefe, an liƙe da salatif. Memori a cike maƙil da bidiyon WhatsApp da karatun malamai da hotunan biki. Yaro zai miƙo min ya ce "Baba waya tana cewa babu wuri." In tambaye shi me za a goge, ba ya taɓa cewa a goge hotuna. Manhajar da bai buɗe ba kwana biyu ita ce ta farko a layi. In manhajarku ta yi nauyi, ni da hannuna zan goge ta, ku yafe ni tun yanzu.

Ummi BUK:
Baba wallahi kamar wayata kake kwatantawa.

Injiniya Musa:
Sadiq, misalanka gaskiya ne amma ka duba me suka haɗa. Instagram, Vine, Periscope, dukkansu ɗauka suke yi da kyamarar mai wayar. A wancan lokacin iPhone ƙira kaɗan ce, in ka gwada a uku ko huɗu ka gama. Android kuwa kowane kamfani da irin kyamararsa da yadda yake matse bidiyo, abin da ya yi aiki a wannan ya karye a waccan. Ga kuma masu zuba jari da 'yan jarida na San Francisco duk iPhone ke aljihunsu, dole ka fara nuna musu abin a wayarsu. Su Abba ba ɗauka za su yi ba, nunawa kawai za su yi, kuma nuna bidiyo a Android yau ba tashin hankali ba ne. Akwai ExoPlayer na Google mai kunna bidiyo a cikin manhaja, kyauta, ka matse fim ɗinka da H.264 wanda kusan kowace waya ke iya karantawa, shi ke nan.

Ga lissafin shiga kuma. Apple dala 99 ne duk shekara, kuma sai da kwamfutar Mac za ka haɗa manhajar, ko taka ko ta haya. Google Play dala 25 ne sau ɗaya. Ga yara uku da suke haɗa kuɗin data da karo-karo, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sadiq Landan:
To su yi da Flutter mana, rubutu ɗaya ya fita a duka biyun.

Injiniya Musa:
Su yi da shi in shi suka iya, ban hana ba. Amma rubutu ɗaya ba ya nufin aiki ɗaya. Saukewa a ajiye, da makullin hana kwafa, da biyan kuɗi, kowanne sai ka taɓa shi daban a kowane ɓangare. Makullin Google Widevine ne, na Apple FairPlay. Kuma duk ƙorafin da ya zo daga iPhone sai wani a cikinsu ya samo iPhone ya gwada.

Hauwa Zazzau:
Tun da ana kawo misalan Amurka, ku tuna muna da namu a Legas. iROKOtv na Jason Njoku, dandalin kallon fina-finan kudu, daga YouTube ya faro, ya buɗe shafinsa a ƙarshen 2011. A 2015 suka yanke cewa a Afirka manhajar Android za su bi, kuma saukewa za a riƙa yi a kalla daga baya maimakon kallo kai tsaye. Har ƙananan rumfuna suka kafa a Legas inda wakili zai tura maka fim ba tare da ka ƙona datarka ba. Wato sun karanci wayar mutanensu da kyau, akasin Quibi. Duk da haka masu biya a gida ba su kai yadda ake so ba. A 2019 suka sayar wa kamfanin talabijin na Canal+ sashensu na shirya fina-finai, ROK, a 2020 kuma suka rage ƙarfi a Afirka suka mai da hankali kan masu biya daga waje.

Sadiq Landan:
Alhamdu lillahi, Hajiya ta kawo min shaida da kanta. Masu biya suna waje.

Hauwa Zazzau:
Kar ka yi saurin murna, Sadiq. Fim ɗin kudu yana da ɗimbin masu kallo a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe, har waɗanda ba 'yan Najeriya ba. Mu namu masu kallon, mafi yawansu suna Kano da Kaduna da Sakkwato da Damagaram. Abin da labarin iROKO ya nuna min shi ne ko ka dace da wayar, ba lallai ka dace da aljihun ba. Abba bai gaya mana ta ina kuɗi zai shigo ba.

Abba Fagge:
Yaya Hauwa, tunaninmu kuɗin wata ne, ɗan kaɗan.

Baban Khadija GSM:
Kuɗin wata? Ɗana, mutumin da yake sayen data ta kwana ɗaya ba ya tunanin wata. Kuma ga masu tura fina-finai a bakin kasuwa, ya ba da canjin aljihunsa a cika masa memori. Ga YouTube inda masu dogon zango suke sakin nasu kyauta duk mako. Da waɗannan kuke takara, ba da Netflix ba.

Issoufou Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Mu nan Nijar ku sa mu a lissafi, don muna kallon abin Kano kamar ku. Amma in kuka ce sai da katin banki na naira, kun rufe mana ƙofa. Jama'a a nan sun fi sabawa da aika kuɗi ta Nita ko Amana, ko kuɗin waya. Ku nemi wakili da zai karɓi sefa ya ba mutum lambar buɗewa.

Ummi BUK:
Ni ɗaliba ce, ku yi haƙuri in tambayar ta yi yarinta. Me zai hana a yi shafin intanet kawai? Mutum ya danna linki a WhatsApp, bidiyo ya buɗe a burauza, ba saukar da manhaja, ba Baba ya goge ta. Kuma mai iPhone ma ya samu, Oga Sadiq ya huta.

Injiniya Musa:
Ummi, ba yarinta ba ce, ita ce tambayar da ta fi kowacce a zauren nan yau. Tsofaffin hannu suna gudun shafi ne saboda abin da ya sami Facebook. Sun gina manhajarsu ta waya a kan HTML5, wato fasahar shafin intanet, ta yi ta nauyi, har Zuckerberg ya fito a 2012 ya ce dogaron da suka yi da ita shi ne babban kuskurensu. Amma an daɗe da wuce wannan zamanin, burauzar yau tana nuna bidiyo lafiya lau.

Inda shafi yake gazawa shi ne ajiya. Mai kallonku yana so ya sauke kashi biyar da daddare lokacin da data ke da arha, ya kalla gobe a shago ko a mota inda sabis ke rawa. Manhaja tana yin wannan cikin natsuwa, tana ci gaba daga inda ta katse. A burauza ana iyawa amma da wahala, kuma in wuri ya ƙure burauzar tana iya share abin da ka ajiye. Sai tunatarwa: a iPhone sai 2023 Apple ya yarda shafi ya riƙa turo sanarwa, shi ma sai mutum ya ɗora shafin a fuskar wayarsa.

Ku yi lissafin datar ma. Bidiyo mai tafiya a megabit ɗaya cikin daƙiƙa yana cin megabait 7.5 a minti, kashi mai minti takwas ya zama 60. Ku matse shi zuwa kilobit 400, ya dawo 24. A ƙaramar fuska bambancin bai kai yadda kuke tsoro ba, musamman in sautin ya fita tas. Bayan ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, mutane suna duban wannan lambar. Ku rubuta nauyin kowane kashi a jikin maɓallin saukewa. YouTube Go haka yake yi kafin Google ya rufe shi a 2022, kuma abin da mutane suka so a cikinsa ke nan, da tura wa na kusa ba tare da data ba.

Malam Nafi'u Edita:
Maganar sauti gaskiya ce. Bahaushe zai jure hoto mai hazo, ba zai jure magana da ba ya ji ba.

Abba Fagge:
To Injiniya, in mun buɗe ƙofar turawa kamar yadda Yaya Hauwa take so, ai washegari fim ɗin yana Xender. Masu shirya mana ba za su yarda ba. Abin da suka fara tambaya ke nan, ya za a hana sata.

Hauwa Zazzau:
Ka gaya musu ba a hanawa, ragewa ake yi. Ko ka sa makullin da ya fi kowanne, mutum zai ɗora wata wayar a kan wannan ya ɗauka. Ban ce ku saki komai ba. Kashi na farko da na biyu da na uku ku bar su a buɗe a shafi, da linki, da maɓallin tura yanki zuwa sitatus, da sunanku a kusurwar hoton. In labarin ya kama mutum, ragowar tana cikin manhaja. Ku duba ReelShort da ire-irensa da suka taso daga 2022. Gajeren wasa ne a tsaye, na waya zalla, abin da Quibi ya ce zai yi. Ba manyan taurari, ba kashe dala dubu ɗari a minti ɗaya kamar yadda aka ruwaito Quibi na yi a manyan shirye-shiryensa. Suna watsa yankuna a TikTok da Facebook, ka kalli na farko kyauta, daidai inda rigima ta yi zafi a ce ka biya ka buɗe na gaba. Ni salon labaransu bai yi min ba ko kaɗan, amma sun nuna cewa ana biyan kuɗi don kallo a waya.

Baban Khadija GSM:
Yauwa, wannan ya fi kama da kasuwa. Biya ka kalli ɗaya, kamar sayen Omo na leda.

Sadiq Landan:
Ku tuna fa masu shagon manhaja suna da kasonsu. Asali kashi 30 cikin ɗari ne, daga 2021 aka rage wa ƙanana zuwa 15. In kuna sayar da buɗe kashi a cikin manhajar, dokar Google ta ce ta hanyar biyansu za a bi.

Injiniya Musa:
Haka ne, kuma nan shawarar Ummi ta sake amfani. A biya a shafi, ta taransifa ko USSD ko Paystack, ko wakilin da Issoufou ya faɗa, manhajar ta zama wurin kallo kawai ga wanda ya riga ya biya. Netflix tun ƙarshen 2018 ya daina karɓar sababbin masu rajista ta hanyar Apple saboda wannan kason. Amma Abba ka zauna ka karanta dokar da kanka kafin ka sa ko da rubutun "biya a nan" a cikin manhajar, don abin da aka yarda da shi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana canzawa. In suka cire ku daga shago ba wanda za ku kira a waya.

Wani abu kuma, kar ku rataya rayuwarku a jikin kamfani ɗaya. Meerkat ya yi tashe a Maris ɗin 2015 da bidiyon kai tsaye, amma jerin abokan masu amfani da shi daga Twitter yake jawowa. Twitter ya sayi Periscope, ya datse musu wannan hanyar, a 2016 Meerkat ya kau. Ku yi rajista da lambar waya, lambobin su zauna a hannunku.

Sadiq Landan:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana. Mutum ɗari masu biya a waje sun fi dubu goma masu kallon kyauta. Shafi ba zai ba ni saukewa ba, ni kuma a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa nake kallo.

Hauwa Zazzau:
To ka saya musu Mac ɗin mana, ka zama mai zuba jari na farko.

Sadiq Landan:
Su nuna min mutum nawa suka dawo kallo a mako na biyu, sai mu yi magana. Quibi ma kwana 90 kyauta ya bayar, aka yi ta saukewa, da lokacin biya ya zo aka watse. A ƙarshe Roku, kamfanin na'urar kallo a talabijin, ya kwashe shirye-shiryen a Janairun 2021 a kan ƙasa da dala miliyan 100.

Abba Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Zan kai wa abokan aikina: Android da shafi tare, hoto a tsaye, kuɗin wata kuma mu sake zama a kansa. Akwai wata buƙata. Asusunmu na Google Play sabo ne kuma na mutum ɗaya, sai mun samu masu gwaji 12 sun riƙe manhajar kwana 14 kafin a bari mu sake ta. Wa zai taimaka?

Ummi BUK:
Sa ni. Infinix ce, amma sai na goge wani abu.

Issoufou Maraɗi:
Ni ma, ku ga yadda take yi da sabis ɗin nan.

Baban Khadija GSM:
Akwai wata tsohuwar itel a durowa, mai ita ya kawo gyara ya ce in riƙe a madadin kuɗin aiki. RAM ɗinta giga ɗaya. Ka turo yaro ya karɓa bayan la'asar, ya zo da caja don babu tata.

Injiniya Musa:
Abba, kafin ka tura wa kowa, manhajar megabait nawa ce yanzu?

Abba Fagge:
Ranka ya daɗe, bari in cire wasu hotuna tukuna sannan in faɗa.